Mangwaro ya cinye mana tsakar gida, yaya za a rage shi?

Maman Sadiya, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Akwai bishiyar mangwaro a gidanmu, marigayi surukina ne ya dasa ta, don haka maganar sarewa ba ta ma taso ba, maigida ko sauraro ba zai yi ba. Sai dai girman ya wuce misali. Reshe ɗaya ya kwanta kan kwanon ɗakin yara, ganye ya toshe indararo, wani ya tsallaka katanga yana zubar wa maƙwabta shara. Shanya kuwa sai ta wuni ba ta bushe ba, ga sanyin Jos. Wani mai saran itace ya ce zai gille kan gaba ɗaya, ya bar kututture daidai tsayin mutum. In yarda?

Baba Mai Lambu, Naraguta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki yarda, itacen girki yake hange. Mangwaro yana da taurin rai, ba lallai ya mutu ba, amma zai fito da toho tsababa, sirara marasa ƙwari, iskar farkon damina ta riƙa karya su. Kuma sai ku yi shekara biyu ko fiye ba ku sha ko ɗaya ba, domin a bakin rassa yake yin fure.

A bi shi sannu. Kada abin da za a cire a shekara ya haura kashi ɗaya cikin uku. A fara da na kan kwano da na maƙwabta, sai dogon na tsakiya, a datse shi daidai inda wani reshe ya rabu ya yi gefe, don rana ta shiga. Da zarto, ba da adda ba. A soma yanka ta ƙasa kaɗan kafin a yanko ta sama, in ba haka ba nauyin reshen zai ɓare ɓawo har jikin uwar. Lokacinsa da zarar an gama tsinkar 'ya'ya, wajen Mayu zuwa Yuni. Ban da hunturu, yana fure.

Abu Hanif, Bukuru:
Hajiya, ku duba ƙasa ma. Namu saiwarsa ce ta tsaga sokawe, muka haƙa rami muka datse ta.

Baba Mai Lambu:
Malam, in nesa da gindi ne babu laifi. Amma babbar saiwa ta kusa da kututture ita ke riƙe da bishiyar. Ka yanke ta, ranar da hadari ya taso a kan ɗaki za ta kwanta.

Maman Sadiya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. An ce a shafa baƙin mai a wurin yankan, haka ne?

Baba Mai Lambu:
A'a, ƙona wurin yake yi. In yankan ya fita sumul, a ɗan karkace yadda ruwa ba zai kwanta ba, da kansa zai rufe. Mai hawan dai ya sa riga mai dogon hannu, ƙaron mangwaro yana ƙona fata.