Neman shawara: Na mayar da Hiace ɗakin tafiya, amma kaya sun rasa wurin zama

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma sau uku ko huɗu a shekara nake zuwa Kano da iyali. Kuɗin masauki ya ishe ni, sai na sayi Hiace irin wadda ake kira hummer, na bar layin kujera ɗaya saboda yara, kafinta ya yi mini gado a baya da akwati a ƙarƙashinsa.

Tafiyar farko da babbar sallah muka yi ta, kuma ban ji daɗi ba. Mun tsaya sallar azahar a Ogbomosho, sai da na sauke rabin kayan motar a bakin titi kafin na ga buta. Tsakanin Jebba da Mokwa muka faɗa wani rami, tukwane suka zubo, galan ɗin manja ya buɗe a kan katifa. Har yau tabon yana nan kamar taswira. Da muka dawo Legas kuma damina ta sa kayan cikin akwatin suna warin hunhuna. Don Allah yaya zan tsara wurin nan?

Tsohon direban tirela, Apapa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka yi maganar wuri, fara da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka biyu masu lita 25 kenan ka ɗauki buhun shinkafa mai kilo 50 ba ka sani ba. Ruwa, batir, jak da kayan gyara duk su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, ka ɗaure su da bel. Sama kuwa sai bargo da filo. Kada wani ya ruɗe ka da sa ƙarfen ɗora kaya a rufin mota: motarka dama doguwa ce, ka ɗora mata kaya a ka, za ka ji tana rangaji a kwana, ga 'yan Road Safety suna jiranka.

Ni ɗakina bayan kujerar direba ne, bai fi faɗin tabarma ba. Abin da nake taɓawa sau biyar a rana, buta da sallaya da silifa, yana bakin ƙofa. Abin da sai mota ta lalace nake nema, shi ne a can ƙurya. Kai ka juya abin ne kawai.

Wata uwar gida, Idi-Araba:
Alhaji, na san ƙarshenta Hajiya za a ɗora wa laifi, to ni ina bayanta. Mace ba ta tafiya da yara hannu rabbana. Amma tukunya uku sun isa, waɗanda wata ke shiga cikin wata, a sa tsumma a tsakaninsu don kada su yi ta ƙara har Kano. Tangaran a bar shi a gida. Manja da man gyaɗa a juye su a gorar ruwa mai murfin murɗawa, a tsayar da su cikin bokiti, ko sun zube a bokitin za su tsaya.

Akwatin tafiya ɓata wuri yake yi, ko babu komai a ciki girmansa na nan. Kowa a ba shi ƙaramar Ghana-must-go ɗaya, a naɗe tufafi kamar tabarma maimakon ninkewa. Wanda jakarsa ta cika, ya gama ɗiba. Haka nake yi wa nawa yaran, har da babansu.

Mai walda, Mushin:
Yallaɓai, ba ka faɗi inda tukunyar gas take ba, kuma shi ne ya fi damuna. In mai kilo 12.5 ce, koma mai kilo 6. A tsaye za ta zauna, a ɗaure, cikin akwatinta ita kaɗai, da huji a ƙasa da ya fita waje. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, wato daidai inda yara ke barci. Girki kuma a waje.

Hunhuna kuwa, iska ce ba ta shiga. Kafinta ya huda katakon gadon da yawa, kuma in kun dawo a kwashe tufafi, a jingine katifa a tsaye.

Wani ɗan Obalende:
Alhaji ka sayi tirela kawai, Baba na Apapa ya tuƙa ka.

Mai tambaya, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam mai walda, gas ɗin a ƙarƙashin gado yake, a kwance ma. Jiya da dare na fito da shi. Yau muka baje komai a tsakar gida ni da Hajiya, muka tarar da dutsen guga biyu da fanka da ba mu taɓa kunnawa ba. Tangaran ta haƙura da shi, amma ƙaramin turmi ta ce ko ni a bar ni, shi sai ya je. Baba, turmin a ƙasa zan ɗaure shi kusa da jarka, ko?