Sabar finafinai ta gida: in ja kebul ko in sauya rauta?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsohuwar kwamfuta ce aka sa wa Jellyfin, manhajar da ke mai da ita saba mai tura finafinai zuwa talabijin, tana cikin ɗaki. Talabijin da rauta suna falo, bangon bulo biyu a tsakani, tazarar kamar mita 18. Komai a kan Wi-Fi yake. Ƙananan bidiyo lafiya lau, amma fim ɗin 4K sai ya yi ta tsayawa yana juyi. Kebul ya kamata a ja, ko rauta mai ƙarfi za a saya?

Mai Haɗa Waya:
Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗin rautarka tukuna. In saba da talabijin duk suna kan Wi-Fi, fim ɗin sau biyu yake ratsa iska: daga kwamfuta zuwa rauta, daga rauta zuwa talabijin, kuma layi suke bi, ba sa magana lokaci guda. Ga bulo biyu da siminti. Zangon Wi-Fi na 5GHz yana da sauri amma bango na cinye shi, 2.4GHz yana ratsa bango amma na maƙwabta sun cika shi. Fim ɗin 4K da aka kwafo daga faifai ba a ƙara matse shi ba yakan nemi megabit 50 zuwa 80 a daƙiƙa, wurin faɗa ko gudu ya haura 100.

Ja kebul nau'in Cat6 guda daga kwamfutar zuwa rauta. Ko Cat5e yana ba da gigabit, wato megabit 1000, har mita 100. Auna hanyar da zai bi ta jikin bango, ba tazarar ido ba, ka ƙara mita 3. Sai ka kankare bakin waya ɗaya kafin ka biya: in cikinta ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, wanda ake rubuta wa CCA. Saurin karyewa gare shi a bakin kai, bar musu kayansu.

Baban Arkilla:
Gaskiya ya faɗa. In ƙara da cewa gigabit sai wayoyi takwas ɗin nan na cikin kebul duk sun taɓa. Ɗaya ta kuskure wajen matse kan kebul ɗin, wato RJ45, haɗin yakan sauko megabit 100 shiru, fitila na ci kamar ba komai. Bi tsarin jera launin wayoyi na T568B a kai biyun, ka gwada da testar kebul. In ta silin zai bi, sa shi cikin fayif ɗin roba. Ɓeraye na gurgurarsa, kuma kowa ya san yadda ƙarƙashin kwano yake a Sakkwato cikin Afrilu. Kada ya kwanta tare da wayar wuta, in dole su haɗu, su gitta juna. Wanda zai fita rana kuwa sai baƙin nan mai kauri na waje, farin yana bushewa ya tsattsage.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. To talabijin ɗin fa, shi ma kebul? Kuma an ce akwai na'urar da ke tura intanet ta wayar wutar gida.

Mai Haɗa Waya:
A nan ake shan mamaki. Yawancin talabijin, har masu tsada, ramin kebul ɗinsu megabit 100 ne kacal. Tunda rauta na falo ɗaya da shi, 5GHz zai iya fin ramin sauri. Gwada biyun da fim mafi nauyi da kake da shi, ka zauna a kan wanda bai tsaya ba. Wayoyin yara su ci gaba da Wi-Fi ɗinsu.

Ta wayar wutar kuwa, ban ba ka shawara ba. Gidan da ake juyawa tsakanin wutar gari, inbata da janareta, soket biyun kan faɗa layi daban, haɗin ya yanke. Gara ka sa rautar a kan inbata ɗaya da kwamfutar, don in an ɗauke wuta kada saba ta zauna a kunne babu hanyar fita.

Baban Arkilla:
In bayan kebul ɗin har yanzu yana tsayawa, leƙa shafin kula na Jellyfin lokacin da fim ke tafiya. In ka ga yana sauya tsarin bidiyon maimakon ya tura shi yadda yake, to tsohuwar kwamfutar ce ta gaza, ba hanya ba. Ka faɗa mana samfurin talabijin ɗin da irin fayil ɗin.