Cape Town da iyali: mu leƙa yankin gonakin inabi ko mu haƙura?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa. In Allah ya kai mu hutun Disamba muna so mu je Cape Town a Afirka ta Kudu ni da maigida da yara biyu, babbar shekararta 9 ƙaramin 5, kwana shida za mu yi. Shi maigidan dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai, Table Mountain, ne ya ɗauke masa hankali tun da ya gan shi a hoto, ni kuma tsibirin da aka tsare Mandela, Robben Island, nake so yaran su gani. To matsalar ita ce duk tsarin yawon da mai sayar mana da tikiti ya turo sai ka ga an ware yini guda cur wai na zuwa Stellenbosch da Franschhoek, da na bincika sai na ga ashe gonakin giyar inabi ne. Hotunan wurin kam masha Allah, duwatsu da korayen gonaki, amma raina bai kwanta ba, ina tsoron in kwashi yarana in kai su inda ake ta ɗaga kofuna. Akwai abin da musulmi zai je ya yi a can ko mu cire shi kawai? Sannan ya batun abinci da masallaci a garin?

Bakatsinen Joburg:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata takwas a ƙasar nan kuma Cape Town na je ta fi sau biyar, batun abinci da salla ki kwantar da hankalinki gaba ɗaya, garin cike yake da musulmi tun fiye da shekara 300. Ki duba takardar halal ta MJC ko SANHA, ƙungiyoyin musulmi masu tantance abinci, a jikin bango ko ƙofar shago, in kin gan ta ki ci abinki. Ku je unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala, a nan masallacin Auwal yake a titin Dorp, an kafa shi a 1794 kuma shi ne masallaci na farko a Afirka ta Kudu. Limaminsa na farko Tuan Guru daga tsibirin Tidore na Indunusiya Turawan Holan suka kamo shi suka kulle a Robben Island, yana cikin kurkukun ya rubuta Alƙur'ani da ka. Yawancinsu Shafi'iyya ne saboda haka Alhaji zai ji ana bayyana bisimilla a salla, kada abin ya ba shi mamaki.

Amma abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne maganar dutsen. Kada ku ce sai ranar kaza za mu hau. Duk safiyar da kuka tashi kuka ga kansa fes ba gajimare, ku ajiye duk wani shiri ku tafi a lokacin, domin Disamba lokacin iskar kudu maso gabas ne wadda suke kira Cape Doctor, in ta taso sai gajimare ya kwanta a kan dutsen kamar an shimfiɗa farin mayafi, motar igiyar da ke hawa da mutane kuma a rufe ta, wani lokacin kwana biyu uku a jere. Na san waɗanda suka bar shi sai ranar ƙarshe suka koma gida ba su hau ba. Ku sayi tikitin ta intanet, ku isa da sassafe saboda layi, hawan kamar minti biyar ne kuma daɓen motar juyawa yake a hankali kowa zai ga kowane ɓangare. Tsayin ya haura mita 1,000, ko ana zafi a ƙasa ku riƙe wa yara rigar sanyi. Za su ga rema birjik a kan duwatsu suna shan hantsi, kar su ba su abinci suna cizo.

Robben Island ma haka, jirgin ruwan daga Waterfront, bakin tashar jiragen ruwan garin, yake tashi kuma in teku ya yi fushi sokewa ake, ku kama tikitin tun kuna gida ku sa shi a farkon kwanakin. Kusan awa huɗu za ku kashe, za a nuna muku ɗan ɗakin da Mandela ya zauna, shekara 18 ya yi a tsibirin cikin 27 ɗin da ya yi a tsare. Magariba a Disamba sai wajen ƙarfe 8 na dare, yini doguwa ce sosai. Da daddare kuma ku kira Uber ko Bolt kar ku taka da ƙafa, waya a aljihu.

Abu Sumayya:

'Yar uwa ni shawarata ku cire shi. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, kuma cikin waɗanda aka la'anta har da mai matse ta da mai ɗaukar ta da mai cin kuɗinta. Kuɗin shiga da za ku biya aljihun wa zai shiga? Garin nan Allah ya hore masa wuraren gani, akwai lambun Kirstenbosch a gindin dutsen, akwai tsuntsayen fengwin a Boulders kusa da Simon's Town, akwai Cape Point, kwana shida ma ba zai ishe ku ba. Yaro abin da ya gani shi yake ɗauka.

Anti Balaraba:

Malam ya faɗi gaskiya a kan zama a teburin, ba ni da ja. Amma Maman Ilham bari in ba ki labarin namu zuwan ki auna da kanki, mu cikin watan Maris muka je ni da ƙanwata da mijinta, lokacin ana tsinkar inabi.

Kuskuren da muka yi ranar farko shi ne mun biya kuɗin motar haɗaka ta 'yan yawon buɗe ido, ba wanda ya gaya mana cewa tsarin gaba ɗaya ɗanɗanon giya ne, gona ta farko aka jera mana kofuna biyar biyar a gabanmu, muka ce ba ma sha, yarinyar da ke zubawa ta ba mu haƙuri ta kawo ruwan inabi amma wallahi zaman bai yi min daɗi ba sam, muka tashi muka koma waje ƙarƙashin bishiya muna jiran su gama. Haka muka yini muna jira daga gona zuwa gona, kuɗi ya tafi rai ya ɓaci. A wurin cin abincin rana ma naman da aka kawo an dafa shi da giya a cikin romon, Allah ya sa mijin ƙanwata ya tambaya kafin mu taɓa, ƙarshe burodi da cuku da zaitun muka ci. Wannan motar, da ɗan jirgin ƙasan nan da ke zagaya gonakin Franschhoek, ba namu ba ne, ki cire su.

Bayan kwana biyu wani dattijo da muka saba da shi a masallaci ya haɗa mu da direba musulmi ɗan garin, muka ɗauke shi yini guda, to a nan ne na ga wurin da idona. Bai fara kai mu kowace gona ba sai da ya tsaya da mu a Macassar, kan hanya ne, inda kabarin Shehu Yusuf yake a kan wani tudu kusa da teku, malami ne daga Indunusiya da Turawan Holan suka koro zuwa nan a 1694 ya rasu a 1699, direban ya ce mana maniyyatansu kan zo nan ziyara kafin su tafi hajji. Daga nan muka shiga Stellenbosch, garin tun 1679 yake, fararen gidaje masu rufin ciyawa, manyan itatuwa sun yi wa tituna rumfa, ruwa na gudu a 'yan ƙananan kwatoci a gefen hanya mai sanyi ƙarara, ɗalibai na ta wucewa a kan kekuna. Mun yi azahar a masallacin garin, ƙarami ne mai tsafta, wata tsohuwa ta ga ba mu da abin shimfiɗa a ɓangaren mata ta miƙo min dardumarta, da muka idar ta koya min yadda suke cewa na gode, tramakasi, har yau ban manta ba.

Sai Babylonstoren, can ma suna yin giya amma ɓangarensa daban ne ba sai kin je ba, abin da ake shiga gani lambu ne ƙato, lemo, ɓaure, rumman, zaitun, kabewa iri-iri na rataye, agwagi na yawo, ga jakuna yara na shafa su. Ni 'yar manomi ce, na tsaya na daɗe ina kallon yadda suka ja ruwa daga dutse ya ratsa ko'ina ba famfo ba inji a ido, na tuna lambun babanmu a bakin fadama har sai da na yi ƙwalla. A hanyar dawowa muka sayi inabin hanepoot a bakin titi cikin kwali, zaƙinsa kamar an zuba zuma. Ku a Disamba yawancinsa bai nuna ba tukuna, kore za ku tarar, amma gonakin sun fi kyan gani a lokacin.

Abinci ki yi guzuri daga gari, samosa da kaza, ku ci a mota ko a inuwa. Ranar Lahadi da safe kuma ki nemi koesister a Bo-Kaap, kamar fanke ne mai kayan ƙamshi an tsoma a ruwan sukari an barbaɗa kwakwa.

Ɗalibi a Stellenbosch:

Anti ta gama magana, abu ɗaya zan ƙara tunda nan nake karatu shekara ta uku kenan. In kun shiga tsofaffin gonakin za ku ga wata 'yar farar hasumiya da ƙararrawa a rataye, mutane na tsayawa ɗaukar hoto a wurin ba su san mece ce ba, ita ake kaɗa wa bayi su fito aiki. Bayin nan daga Indiya da Indunusiya da Madagaska da Mozambik aka kawo su, da guminsu aka kafa gonakin, kuma cikinsu akwai kakannin musulmin da za ku yi salla tare da su a Bo-Kaap, sai a 1834 aka soke bautar, ba su samu tafiya ba sai 1838. Bayan nan ma an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin dop suke ce masa, illarsa har yau tana jikin iyalai da yawa a ƙauyukan nan, ana haifar yara da lalurar da shan uwa ke jawowa. Ni ina ganin Ilham ta isa a gaya mata wannan a wurin tana kallo.

Kuma tunda Mandela kike so su sani, tsakanin Paarl da Franschhoek gidan yarin da aka sake shi yake, da sunansa Victor Verster yanzu Drakenstein, daga ƙofar nan ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, akwai mutum-mutuminsa a bakin get ya ɗaga hannu, tsayawar minti goma ce. Ku ce direba ya hau da ku hanyar dutsen da ke bayan Franschhoek ku hango kwarin gaba ɗaya daga sama, kyauta ne ba ku shiga gonar kowa ba. Sunan garin ma kusurwar Faransawa yake nufi, 'yan gudun hijira ne daga Faransa suka zauna a nan a 1688. Daga cikin Cape Town zuwa nan Stellenbosch kamar kilomita 50 ne, awa ɗaya in ba cunkoso.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka. Mun tsaya a kan za mu cire na mai tikitin, mu nemi direbanmu in mun isa, Macassar da masallacin Stellenbosch da ƙofar gidan yarin da hanyar dutsen. Lambun ne muka ɗan saɓa, shi maganar Malam ta kuɗin shiga ta tsaya masa a rai ya ce zai tambayi malaminsu ranar Juma'a, ni kuma ina son yaran su ga jakunan. Anti Balaraba dan Allah direban naku yana da kujerar yara a motar ko sai mun taho da tamu? Kuma ƙaramin nawa amai yake a mota in hanya na da kwana da yawa, hanyar dutsen nan za ta yi masa?