Don Allah mene ne bambancin borrow da lend?

Ɗalibar aji shida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin rubuta WAEC bana. A aji na ce wa ƙawata "borrow me your biro", sai malaminmu ya ce ba haka ake faɗa ba, lend zan ce. Amma a unguwarmu kowa haka yake faɗa, har da waɗanda suka gama jami'a. Wai ba duk aro ba ne? A taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Tsohon malamin Turanci:
Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki na da gaskiya. Ki dubi hannuwa biyu: mai miƙawa shi ke yin lend, mai karɓa shi ke yin borrow. Don haka ko ki ce "lend me your biro", ko ki ce "may I borrow your biro". Abin da ke rikita mu, a Hausa tushen ɗaya ne: "na ara wa Audu keke", "na ari keken Audu". Su kuwa Turawa kowanne da kalmarsa. Borrow na tafiya da from, lend na tafiya da to. In abin ya wuce, lent ake cewa, babu wani lended.

Mai shagon POS:
Malam ya gama magana. Ƙarin da zan yi, mu muna raba aro da rance: tsani ko turmi aro ne, shi ɗin za ki mayar, kuɗi ko kwanon masara rance ne, madadinsa za ki biya. Turanci bai damu da wannan ba. Banki lend yake yi, ke ki yi borrow, ko Allah Ya sa a biya.

Wata uwa:
Ƙanwata, a Sabon Gari in kin ce "borrow me" ba mai ɗaga kai, Turancin kasuwa ne. Mai duba takardar jarrabawa kuwa jan biro zai zizara miki.

Ɗalibar aji shida:
Na gode ƙwarai. To Baba Malam, in ni na ba ta littafina, "I borrowed her my book" ya yi?

Tsohon malamin Turanci:
A'a 'yata. Daga hannunki littafin ya fita, saboda haka "I lent her my book". Rubuto mini jimla biyar zuwa gobe in duba.