Musayar Waƙa: Biza Ta Koma Wata Uku, Laifin Wa?

Ɗan Rima

Assalamu alaikum masu alƙalami. Ran 8 ga Yuli 2025 Amurka ta mayar da bizar 'yan Najeriya, ta ziyara da ta karatu, shiga ɗaya tak, wata uku. Ga ƙwar huɗu na ajiye, mai ja ya ja.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zancen biza ya dame ni malami,
Fadar Abuja ta zuba tagumi,
Ba ta share mana hawaye ba.

Shekara biyar a da ake bugawa,
Ka je ka dawo ka sake komawa,
Sai ga wata uku, shiga ɗai, ba ƙarawa,
Kuɗin kuwa ba su rage ba.

Dala 185 ka biya tukuna,
Ka cike fom DS-160, hoto da suna,
Ka jira ranar ganawa ka je ka zauna,
In an hana ba a maido ba.

Ɗalibi sai takardar I-20 daga makaranta,
Rajistar SEVIS dala 350 ya biya ta,
In ya zo hutu gida sai ya sabunta,
Layin ganawa bai gajarta ba.

Jakadu duk Tinubu ya kira su gida,
Tun Satumbar 2023 aka shaida,
Washinton ba jakada, wa zai mana faɗa?
Har Yulin 2025 bai naɗa wani ba.

Na-Jagaba Kalambaina

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ƙwar biyu ma ta ishe ka.

Ƙanena Ɗan Rima ka sassauta,
Ba a yanke hukunci da sauri.

Ran 31 ga Janairun 2020,
Wa ke bisa kujera? Buhari.

Trump ya haɗa mu da Iritiriya,
Da Miyanma da Kirgistan a jeri.

Bizar zama ta dindindin ya toshe,
Ta ziyara ya bar ta a sarari.

Jakadanmu na Washinton a lokacin,
Bai hana alƙalami yin tasiri.

Fasfon da ya ɓace, fasfon da aka sace,
Sun ce ba ma sanarwa da wuri.

Kwamitin Aregbesola aka kafa,
Don gyaran rajista da tsari.

Sai da Biden ya hau a 2021,
Ranar rantsuwa ya kwance ɗauri.

To in rashin jakada ne ciwon,
Wancan karon me ya jawo garari?

Sarkin Yaƙin Mabera

Allahu akbar! Na-Jagaba ya gama magana, a naɗe tabarma. Waɗanda suka sha kaye a 2023 su ne ke kukan biza, alhali ko fasfo ba su da shi. Saura ku ji na 2027.

Ɗan Rima

Sarkin Yaƙi, ba baiti sai tafi,
A Sakkwato ƙuri'ar Atiku ce ta fi,
Je ka duba sakamako shafi-shafi,
Ba mu sha kaye a nan ba.

Yaya Na-Jagaba ka ɗauko Buhari,
Jam'iyyarku ce, tsintsiya ɗaya ɗauri,
Garin wanke ƙane ka tona wa wa asiri,
Ba ka fitar da kowa ba.

Hajiya Ta-Runjin Sambo

Ƙannena ku biyun ku saurara,
Akwai abin da kuke cakuɗawa.

Wata ukun nan na isa ƙofa ne,
Ba su ne kwanakin zaunawa.

Jami'in filin jirgi ke yanke zama,
A I-94 yake rubutawa.

Mai ziyara yakan sami wata shida,
Ranar fita na ciki, sai dubawa.

Ka zarce da kwana sama da 180,
Shekara uku ba ka komawa.

Ka cika shekara guda ka fito,
Shekara goma ake hanawa.

Duk mutum ɗaya da ya maƙale,
A lissafin ƙasarsa ake sawa.

Rahoton masu zarce wa'adi,
Shi Washinton ke karantawa.

Sai ɗan'uwanka ya je da gaskiyarsa,
214(b) ake miƙowa.

Wato ba ka gamsar da jami'i,
Cewa kana da dalilin dawowa.

Aiki, iyali, gona ko shago,
Su ake so ka iya nunawa.

Takardar banki ta ƙarya kuwa,
In an gano, har abada ne rufewa.

Ku zagi Jagaba, ku zagi Trump,
Ku rage kaɗan na masu maƙalewa.

Sarkin Yaƙin Mabera

Hajiya uwa ce. Kun ji dai, ta wanke Jagaba tas.

Hajiya Ta-Runjin Sambo

Sarkin Yaƙi, koma ka karanta baitin ƙarshe. Ban wanke kowa ba, kar ka sa ni a motar jam'iyya.

Ɗan Illela

Hajiya, Allah shi ƙara girma. Amma ku duka Amurka kuka hange, ga ƙofa nan bakin hancinku.

Mutum nawa Sakkwato ka zuwa Amurka?
Kwanni ko ga ta nan, gidan surukanka,
Can ad da kasuwa, can ad da danginka,
Ba wanda yat tuna da ita.

Soja sunka kau da Bazoum a Yamai,
Yulin 2023, ran 26, kun ji dai,
Jagaba ka jan ECOWAS, yac ce a rufe kawai,
Illela anka garƙame ta.

Layin wuta na Birnin Kebbi anka yanke,
Wa'adin kwana bakwai, Bazoum a sake,
Sanatoci sunka ce batun yaƙi a soke,
Don Arewa ba ta lamunta.

Sarkin Musulmi, Allah shi ja zamani,
Da Abdussalami sunka tai neman magani,
Nan ko tirela bayan tirela, sai ka gani,
Direba na kwana ƙarƙashinta.

Albasa a buhu, tampol bisa, ga damina,
Ba iska, sai gumi, ga zahin rana,
Ruɓa daga tsakiyar lodi ka farawa a buhuna,
Sai wari shi tona ta.

Sai Maris 2024 anka buɗe,
Kamin nan jarin talaka ya kaɗe,
Buhari ma tun 2019 ya rufe ya daɗe,
Sai Disambar 2020 yab bar ta.

Dokar ECOWAS ta 1979 tac ce,
Kwana 90 ba biza, ɗan yanki shi wuce,
Janairun 2025 Nijar taf fice,
Wa za ya ɗinke ɓarakarta?

Malam Mai Aruli

Salamu alaikum. Ni ba siyasa ta kawo ni ba, awo na zo yi.

Ɗan Rima, ɗangonka na fari, "Bismillahi na ɗau alƙalami", gaɓa 10 ne. Madalla. Sai ka zo ka ce "Dala 185 ka biya tukuna". A ido gajere ne, amma karanta shi da baki: da-la ɗa-ri da ta-ma-nin da bi-yar ka bi-ya tu-ku-na. Gaɓa 17. Ina ka kai bakwai ɗin da suka yi rara? Sannan a baitin jakadu ka jera gida, shaida, faɗa. Da da ɗa ba harafi ɗaya ba ne, amsa-amon ciki ya goce.

Ɗan Illela kai ka fi kowa ɓarna. "Yulin 2023, ran 26, kun ji dai" gaɓa 23 ne in an furta. Wane numfashi ke ɗaukar wannan?

Waƙa da kunne ake auna ta,
Ba da idon mai karatu ba.

Kun cusa lamba cikin ɗango,
Ba ku ƙirga nauyin gaɓa ba.

Na-Jagaba Kalambaina

Allah gafarta Malam, a gaya masa! Wanda bai iya daidaita ɗango huɗu ba shi zai koya wa fadar shugaban ƙasa diflomasiyya?

Malam Mai Aruli

Alhaji, kada ka yi saurin murna. "Ran 31 ga Janairun 2020" gaɓa 19 ne, abokin tafiyarsa "Wa ke bisa kujera? Buhari" 10. Hajiya ce kawai ta yi kusa da tsira, ita ma 180 ɗin nan ta ja mata.

Ɗan Rima

Malam Mai Aruli, sikelinka ya tsufa,
Halilu bai san DS-160 ba a Kufa,
In na cire lamba zance ya zam rufa-rufa,
Ba don haka na zo ba.

Makaɗan ƙasar nan da kotso da kalangu,
Suna cusa kalma goma a bugu, ba gargu,
Sarki ya ba su doki, ya ba su shingu,
Ba su tambayi bahari ba.

Malam Mai Aruli

Ɗana, Halilu uban aruli mutumin Basra ne. Neman amsa-amo ne ya kai ka Kufa. Bahari 15 ya fitar, Ahfashu ya ƙara Mutadarik suka cika 16, kuma babu ɗaya cikinsu da zai karɓi ɗangon nan naka. Makaɗi yana da ganga da 'yan amshi masu cike masa gurbi, kai alƙalami kaɗai gare ka. Sannan "gargu" da "shingu" a wane ƙamus ka samo su? Kalangu ya matse ka, ka ƙago masa 'yan uwa.

Gyara mai sauƙi ne. Ka bar "Dala 185" ya zama ɗango mai zaman kansa, gaɓa 11 ke nan, ya yi kusa da na fari. "Ka biya tukuna" ta sauko ƙasa.

Ɗan Rima

In na yi haka ɗangon ya ƙare da "yar", 'yan uwansa na ƙarewa da "na". Ka gyara kari ka karya amsa-amo, Malam.

Ɗan Kwanni

Ku yi haƙuri da latti, rezo ne, wato sabis ɗin waya. Ɗan Illela nake amsawa.

Ɗan Illela ka faɗi ta jiya,
Ta shekaranjiya ka bar ta saura.

Janairun 1983 Shagari na mulki,
Baƙi marasa takarda aka kora.

Mako biyu aka ba su wa'adi,
'Yan Gana wajen miliyan suka yi ƙaura.

Har da namu na Tawa da Maraɗi,
Ba wanda ya ce a saurara.

Gana ta riga ku a 1969,
Busiya ne ya fara.

A 1984 Buhari ya rufe iyaka ga fari,
Yunwar nan da sunansa muke kira.

Yau Trump ya rage muku watanni,
Kun cika duniya da ƙara.

Debi na Cadi da ya ga ƙasarsa a jerin hana shiga na Yuni,
Ya tsai da bizar Amurkawa, ba jira.

Ku manyan yaya, masu man fetur,
Me kuka tsayar in ban da sallar asara?

Sarkin Yaƙin Mabera

Kai Ɗan Kwanni, iya bakinka. Turakin Sakkwato ba sa'anka ba ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Ka taɓa Buhari in kana so, ka taɓa Trump, amma Shagari namu ne.

Ɗan Illela

Sarkin Yaƙi, ɗazu Jagaba kaka karewa, yanzu NPN ta Shagari. Tsaya wuri guda mu san inda za mu same ka. Ɗan Kwanni, baitinka na ƙarshe ya yi tsauri, salla ba abin ba'a ba ce.

Ɗan Kwanni

To a mai da shi "in ban da ƙirga asara". Tambayar dai tana nan.

Na-Jagaba Kalambaina

Ɗan Kwanni mu ma mun ce a'a,
Tambayi Tuggar, ministan waje a 2025, ya shaida maka.

An matsa mu karɓi 'yan Benezuwela,
Waɗanda ake kora daga Amurka.

Ya ce namu matsalolin sun ishe mu,
Ba a ƙara mana kaya a ka.

Janairun 2025 BRICS ta ɗauke mu abokai,
Wasu ba su ji daɗi ba, ka san haka.

Sun ce yadda kuke ba mu muke ba ku,
Fadar shugaba ta musanta haka.

Ta shekara biyar muna ba Ba'amurke,
Mai kwana 90 ta intanet ce, bincika.

Ku da kuka kori Faransa da sojan Amurka,
Rasha ta cika muku rumbu? Ina hatsinka?

Ɗan Rima

Yaya, bayanin nan naka mai kyau ne,
Ta intanet daban, ta ofis daban ne,
Wa zai kai shi Washinton? Jakada ne,
Kujerarsa a 2025 ba kowa a kai ba.

Hajiya Ta-Runjin Sambo

Ɗan Rima, ɗangon ƙarshen nan ya ɗingisa, amma tambayar ta zauna. A lokacin ofishin yana nan da mai riƙon ƙwarya, sai dai mai riƙo ba ya miƙa takardar kama aiki ga shugaban ƙasa, kuma ba kowace ƙofa ke buɗe masa ba. Na-Jagaba, amsa wannan, ka bar hatsin Nijar.

Malam Mai Aruli

Kafin ya amsa. Alhaji, ka rufe baiti biyu a jere da "haka", wannan maimaici ne, aibi ne a amsa-amo. Ɗan Rima, ne, ne, ne ba amsa-amo ba ne, lalaci ne. Ɗan Kwanni kuma, "Gana ta riga ku a 1969" gaɓa 22, "Busiya ne ya fara" gaɓa 7.

Ɗan Kwanni

Malam, ba "dubu ɗaya da ɗari tara" ake karantawa ba. Alif ɗari tara da sittin da tara. Sake ƙirgawa.

Sarkin Yaƙin Mabera

Ɗan Kwanni ya kama Malam! Yau aruli ya sha ƙasa.

Malam Mai Aruli

Na sake. Ko da alif ɗin, 19 ne. Saura 12 tsakaninsa da ɗan'uwansa. Gyara.