Muhawara: Cin hanci ne ke korar mutane ƙasar waje, ko talauci?

Malam: Ana ta cewa cin hanci ne ke sa 'yan Najeriya son barin ƙasa. Ni ban yarda ba. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wata na gaba aka saki naira. Dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, ga mafi ƙarancin albashi 70,000. Yunwa ce ke kora.

Dakta: Malam, da yunwa ce, da talakan ƙauye ne ke cika jirgin Landan. Shi iyakarsa ci-rani a Legas ko Fatakwal. Dubi mai fitar: likita sai ya ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ya rubuta PLAB 1, wato kashin farko na jarrabawar aikin likita ta Birtaniya, ya je Manchesta ya yi PLAB 2, kafin hukumar likitocin Birtaniya ta yi masa rajista, kuma kuɗin PLAB da na rajistar da fam ake biya. Mai wannan ƙarfin ba tuwo ya rasa ba. Abin da ya ishe shi shi ne a ware kuɗin janareta da kayan aiki a kasafi, amma a ƙarasa tiyata da fitilar waya.

Hajiya: Dakta ya taɓo wurin, sai dai maganar ta fi ƙarfi a wajen ɗaukar aiki. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya. Ga yadda ake yi: hukuma ta nemi a yafe mata tallata gurbi, manya su raba a tsakaninsu, dillali ya kai saura kasuwa. Wanda ya biya a ba shi takardar kama aiki, amma in sunansa bai shiga IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, ba, babu albashi, kuɗinsa kuma sun tafi, ba shi da bakin kai ƙara tunda shi ma ya ba da. To yaron da iyayensa suka sayar da fili, me zai hana ya ce gara a ba ejan na biza?

Barista: Hajiya, to Libiya fa? A ma'aunin cin hanci na ƙungiyar Transparency International na 2024 Najeriya ta samu maki 26 cikin 100, Libiya kuwa tana can ƙasa da haka, wato cin hancinta ya fi namu. Mai gudun cin hanci ba zai nufi Sabha a kudancin Libiya ba. Mai zuwa can lada yake bi.

Alhaji: Barista, bari in ƙara maka. A hanyar hamada cin hanci ba kora yake ba, ƙofa yake buɗewa. Daga Agadas zuwa Dirku, Madama, har Tummo a iyakar Libiya, kowane shinge da abin da ake ajewa. Da Nijar ta yi dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, tafiya ba ta tsaya ba. Kuɗin mota ya tashi, na goro ya tashi, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun jami'ai. Hilux ta lalace a inda ba ruwa, shi ke nan. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar.

Malam: Kun ga kenan kowa da abin da ya koro shi.

Hajiya: A'a Malam, kar ka kashe maganar haka. Lebura lada yake bi, na yarda, kuma yakan dawo da damina. Mai digiri da ya ga cancanta ba ta ba da aiki, shi ne ke kwashe mata da yara ya sayar da gida. Shi kuma 'yan damfara suka fi samu: ka'idar Birtaniya ta hana a sayar wa ma'aikaci takardar ɗaukar nauyin aiki, amma ejan ya karɓi miliyoyi, mutum ya sauka ya tarar babu aikin.

Barista: Hanyar aikin kula da tsofaffi ma ta rufe. Tun Yulin 2025 Birtaniya ta daina ba masu aikin kula da tsofaffi sabuwar biza daga waje. Duk ejan da ke tallarta yanzu, a kai shi EFCC.