Dusar kaji ko abincin mutane? Muhawara kan shinkafar da ba a goge ba

Malamin Lafiya, Birnin Kebbi: Jama'a, abin nan na ci mani tuwo a ƙwarya. Nan Kebbi anka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, amma tukwanenmu sai fara tas. A buhun shanshera mai kilo 100, kusan kilo 20 ɓuntu ne, dusa kilo 8 zuwa 10. Bitamin B1 da abin da ke hana taurin bayan gida cikin dusar nan suke. Mu zuba wa kaji, mu ci sitaci! Ku koma wa jar shinkafa. Na san ba mai tankawa.

Mai Injin Casa, Argungu: Malam, "ja" wace? Jar shinkafa iri ce, ta fadama, wadda kakanni sunka gada. Wadda kake nufi ita ce wadda anka cire wa ɓuntu ba a goge ta ba. Ko irin zamani ce kamar FARO 44, haka nan za ta fito ƙasa-ƙasa.

Hajiya Mai Gumi, Jega: In launi ne, gumi ma ai ba fara ba ce.

Mai Injin Casa: Hajiya, launin gumi na turare ne, ba na dusa ba. Bayan turaren ana goge ta kamar kowace.

Hajiya Mai Gumi: To ɗana, me turaren ke yi? A wanke shanshera, a kwashe wadda ta taso sama, a jiƙa da ruwan ɗumi ta kwana, a turara har ɓuntu ya fara tsagewa, a shanya. Zafin nan ke tura amfanin dusa cikin ƙwaya, ko an goge ba ya tafiya duka. Wadda ta yi duhu ko wari, ruwan jiƙon ne ya yi tsami ko wuta ta yi yawa.

Malamin Lafiya: Bitamin na shiga, gaskiya ne. Amma dusar kanta ta tafi, ita kuma ke sa a daɗe ba a ji yunwa ba. Ni ba launi na kawo ba.

Mai Injin Casa: Kai ka ce "ja". Kuma ina za a samo ta? Ƙaramin injin ƙarfe na unguwa ɓuntu da dusa yake kwashewa lokaci guda. Sai injin roba, wanda ke ɓare ɓuntu kawai, a ce wa mai shi kada ya sa a na gogewa. In babu, turmi, a tsaya da zarar ɓuntu ya fita.

Maman Yara, Zuru: Malam ya faɗi wa zai sayi gawayin. Fara minti 20 ta nuna, wannan sai 40 zuwa 45. Gwangwani ɗaya na shan ruwa biyu da rabi, a rufe, wuta kaɗan, kada a riƙa buɗewa. In an jiƙa ta awa biyu kafin a ɗora, lokacin na raguwa. Kuma ba ta tuƙuwa kamar ɗanyar fara, tuwon ba ya haɗa jiki. Dafa-duka ko da wake ta fi karɓa. Yara kuma a fara da rabi-rabi, amma a riga zuba wadda ba a goge ba da minti 20, in ba haka ba fara ta caɓe ita ba ta nuna ba.

Ɗan Yauri: Maza ke sayen gawayin ai, Maman yara.

Maman Yara: Kai dai yi shiru, ƙanena.

Ɗan Yauri: Ni dai na san ja ta gaskiya bakin kogin Kwara take. Ta Argungu rabi tsakuwa.

Mai Injin Casa: Tsakuwa ba gari gare ta ba. Shanya a ƙasa ko gefen titi ke kawo ta. A shimfiɗa tamfol, a sa a injin cire tsakuwa, ko a rege ta a ƙwarya. Ku da ke kawo shansherarku nan a cashe maku!

Ɗan Yauri: Wa ya kawo? Kawo shaida.

Mai Rumbu, Kamba: Kun bar babbar magana. Dusa mai gare ta, man nan ke lalacewa. Fara na shekara lafiya lau, wannan da wuya ta wuce wata 6, da zafin bazara ma ba ta kaiwa, ga ƙwari na son ta. A cashe ta wata guda, sauran a bar ta shanshera. In ta yi warin tsohon mai, ta tashi daga aiki.

Malamin Lafiya: Madalla. Masu ciwon suga kuma kada a ce magani ce. Sitacin na nan, a rage malmala, a ƙara wake da ganye.

Kawu Mai Kula da Zaure, Jega: Na karanta duka. An tabbatar Malam ya yi kuskuren kalma, wadda yake talla kuma tana cin gawayi, ba ta tuƙuwa, ba ta ajiyuwa. Gumi irin na iyayenmu mata ya wadatar, kamar yadda Hajiya ta warware. Batun tsakuwa a bar shi. An rufe.

Malamin Lafiya: Kawu, wa ya tabbatar? Maganar dusa ba wanda ya amsa ta.

Ɗan Yauri: Ni ma ba a kawo mani shaidata ba.